Daga Minjirya Zuwa Na'urar Kunne: Tarihin Neman Maganin Ciwon Kai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, duk wanda ya tashi a garuruwanmu na bakin kogi, daga Mai Wurno zuwa Sinnar har Wad Madani, ya san minjirya ko ya ji labarinta a bakin masunta. Kifi ne mai santsin jiki, ba shi da ɓawo, in ka kama shi da hannu sai ka ji wani abu ya fizge ka har kafaɗa. Wannan fizgar lantarki ce, irin wadda muke kira kahraba, kuma babbar minjirya tana iya fitar da ƙarfin da ya kai volt 350. Abin da ya sa muka fara da ita shi ne, a 'yan shekarun nan ana ta yaɗa hotunan wata ƙaramar na'ura a wayoyi, wadda ake maƙala wa a kunne ta riƙa sakin lantarki kaɗan-kaɗan, ana cewa tana maganin ciwon kai. Wasu sun ɗauke ta ƙarya ce tsagwaronta, wasu kuma sun ɗauka an gama da ciwon kai a duniya. To, tarihin abin ya fi haka tsawo, kuma da kifi ya fara.

Kafin mu je can, mu fara da abin da kakanninmu suka zo da shi. Bayan yaƙin Burmi a shekarar 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'ar da ta rage, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu a wajajen 1906. Tun kafin su, da kuma bayansu, mahajjata daga Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram suna bin wannan hanya a ƙasa, tafiyar shekaru, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe aikin noman auduga na Jazira, sai da yawa suka zauna ɗungurungum. Waɗannan ayarori ba su da asibiti. Abin da suke da shi shi ne malami da allonsa, mai magani da saiwoyinsa, da wanzami da zabirarsa. In kai ya matsa wa mutum, wanzami zai aske ƙeya, ya ɗora ƙaho, ya tsotse iskar ta ɗan hujin da ke samansa ya toshe, sannan ya cire ya yi 'yar tsaga ya mayar, jini ya taru a ciki. Wani kuma a ɗaure masa kai da rawani tamau, wani a yi masa lalas da ƙarfe mai zafi.

Ƙaho yana da asali a sunna. Imamul Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, cewa an yi wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ƙaho a kansa yana cikin harami, saboda ciwon ɓarin kai da ke damunsa, wanda Larabawa ke kira shaƙiƙa. Wurin da aka yi shi ana ce masa Lahyu Jamal, tsakanin Makka da Madina. A cikin Bukharin dai an ambaci zuma da ƙaho da lalas a matsayin hanyoyin waraka, tare da nuna cewa ya hana al'ummarsa lalas. Malamai sun yi bayanin wannan hanin, da yawansu suka ce ba a zuwa ga wuta sai in sauran hanyoyi sun gaza. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekarar 751 ta Hijira, ya yi babi a kan ciwon kai a cikin Zadul Ma'ad, inda ya jero dalilansa masu yawa, kamar zafin rana da rashin barci da yunwa da baƙin ciki, ya nuna cewa maganin yana bambanta gwargwadon dalilin. Ɗalibai su riƙe wannan ƙa'ida da kyau, domin za mu dawo gare ta. A Andalus kuma, likitan nan Abul Ƙasim Azzahrawi, wanda ya rasu a wajajen 1013 Miladiyya, ya bayyana wuraren da ake yin lalas a kai saboda shaƙiƙa a cikin littafinsa Attasrif. A ƙasar da kakanninmu suka baro ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai a kan ilimin magani. Ke nan mutanenmu ba su taɓa ɗaukar neman magani a matsayin kishiyar tawakkali ba.

Yanzu mu koma ga kifi. A wajajen shekara ta 47 Miladiyya, wani likitan Rum mai suna Iskiriboniyus Largus ya rubuta cewa mai ciwon kai mai tsanani a ɗora masa wani kifin teku mai lantarki, yana da rai, a daidai inda ke ciwon, har wurin ya yi sanyi ya daina ji. Bai san mene ne lantarki ba, sakamakon kawai ya gani. Larabawa sun kira irin waɗannan kifaye ra'ad, daga kalmar da ke nufin tsawa da karkarwa. Abdullaɗif Albagdadi, malamin da ya zauna a Masar ya rasu a 1231, ya siffanta minjiryar kogin Nilu da yadda take kaɗa hannun wanda ya taɓa ta. An daɗe a haka, ana ganin abin ba a san sirrinsa ba, sai a 1791 wani Ba'italiye mai suna Galbani ya buga bincikensa da ya nuna cewa lantarki yana motsa ƙafar kwaɗo ta hanyar jijiya. A 1800 wani Ba'italiyen, Bolta, ya ƙera batir na farko, kuma shi da kansa ya kwatanta shi da gaɓar da kifi ke fitar da lantarki da ita. Daga nan aka fara gane cewa saƙonnin da ke yawo a jikin ɗan Adam, har da saƙon zafin ciwo, da ɗan lantarki suke tafiya a cikin jijiyoyi.

To me ya kawo kunne cikin maganar? A nan sai mu bambanta jijiyar jini da jijiyar saƙo, tunda Hausa duka jijiya take ce musu. Jijiyoyin saƙo guda 12 ne a kowane ɓangare suke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa. Ta goma a cikinsu ita ce mafi yawo, likitoci suna ce mata bagus, da Larabci kuma al'asabul ha'ir, wato mai gararamba. Tana saukowa ta wuya ta ratsa maƙogwaro da zuciya da huhu da ciki. Tana da wani ɗan reshe da ya leƙo fatar kunne, wanda aka sa wa sunan wani masanin sassan jiki Bajamushe na ƙarni na 19, Arnold. Kun san akwai mutanen da in suna sakace kunne da gashin kaza sai tari ya kama su. Ai wannan reshen ne aka taɓa, saƙon ya bi ya isa maƙogwaro.

Likitoci sun fara amfani da wannan jijiya ne don farfaɗiya. A 1988 aka fara dasa wa mutum na'ura a ƙirji a Amurka, da waya mai naɗe jijiyar a wuya, kuma hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta amince da ita a 1997. Sai aka lura wasu daga cikin waɗanda aka dasa wa, masu fama da shaƙiƙa, ciwon kan nasu ya ragu. Amma dasawa tiyata ce mai tsada. A shekarar 2000 wani likita mai suna Bentureira ya kawo shawarar a bi ta reshen kunne, ba sai an tsaga kowa ba. Wani kamfani a Jamus ya ƙera na'urar da ake kira NEMOS, mai kama da abin sauraren waya, wadda ke zama a ɗan kwarin da ke saman ramin kunne. A 2015 likitoci a birnin Munik suka buga sakamakon gwajin da suka yi da mutum 46 masu shaƙiƙa mai naci. Kowa yana sa na'urar awa 4 a rana har wata 3. An raba su biyu, wasu ana ba su bugu 1 a daƙiƙa, wasu 25. Abin mamaki, masu bugu 1 ɗin, waɗanda aka sa don kwatance kawai, su suka fi samun sauƙi: kwanakin ciwonsu sun ragu da kusan 7 a cikin kwana 28, na ɗaya ɓangaren kuwa da kusan 3. Akwai kuma wata na'urar, gammaCore, wadda ake dannawa a wuya maimakon kunne, Amurka ta amince da ita a 2017 don wani nau'in ciwon kai mai zuwa a jere, sannan a 2018 don shaƙiƙa.

Kun ga abin ba tatsuniya ba ne, amma mutum 46 ba su da yawa, kuma sakamakon ya zo saɓanin abin da masu gwajin suka zata. Shi ya sa likitoci ke ɗaukar hanyar kunne a matsayin abin da ake kan bincikensa, mai rage kwanakin ciwo ga wasu, ba mai tumɓuke shi ba. Na'urorin da ake tallatawa a waya da araha kuwa, ba lalle ne su zama irin waɗanda aka gwada ba. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji da mace mai juna biyu kada su kusance ta sai da izinin likita.

A nan ne ƙa'idar Ibnul Ƙayyim take da amfani gare mu. Ƙasar Jazira ƙasar magudanan ruwa ce, sauro ba ya ƙarewa, har sai da aka kafa shirin lafiya na Shuɗin Nilu a 1979 don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da tsargiya. Sudan kuma tana cikin yankin da sanƙarau ke ɓarkewa lokacin zafi, kamar yadda aka gani a 1999 lokacin da ya kama dubban mutane. Ciwon kai da zazzaɓi, a fara da gwajin jini. Ciwon kai da sandarewar wuya, ko amai, ko gushewar hankali, ko wanda ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko na mai ciki da ƙafafunta suka kumbura, wannan na asibiti ne a ranar, ba na ƙaho ba ne, ba na na'ura ba ne. Dattijon da kansa ke yawan sarawa a auna masa hawan jini. Wanda kuma ke shan ƙwayar ciwon kai fiye da rabin kwanakin wata ya sani cewa ita kanta ƙwayar tana iya zama sanadin ciwon. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, wanda ya iso Wad Madani a Disambar wannan shekara, ya raunana asibitoci ya tarwatsa likitoci, kuma a irin wannan hali ne masu tallan maganin komai-da-ruwanka suke samun kasuwa. Mai zuwa wajen wanzami ma ya tabbatar an buɗe sabuwar reza a gabansa, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin aska ɗaya daga jiki zuwa jiki, kuma addininmu ya hana cutarwa.

Daga ƙahon wanzamin ayari zuwa na'urar Munik, waɗanda suka amfanar da mutane su ne waɗanda suka tsaya suka lura, suka gwada, suka faɗi iyakar abin da suka gani. Ɗalibanmu da ke karatun Bukhari da safe suna zuwa makarantar boko da rana, muna fata a samu likitocin jijiya a cikinku, waɗanda za su duba iyayensu da harshen da suke ji. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu da suka kwanta a wannan hanya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wallahu a'alamu.