Doki Arba'in a Jikin Inji, Doki Nawa a Kan Ruwa?

Idan ka taɓa tsayawa bakin ruwa a Dole Kaina, inda kogin Kwara ke shigowa Najeriya bayan ya raba Nijar da Benin, ka ga jirage jere da injinan Yamaha a gindinsu. Kowane inji da lamba ɓaro-ɓaro a murfinsa: 15, 40, 75. Ka tambayi matuƙi, zai ce maka ƙarfin doki ke nan. Amma jirage biyu masu doki 40 za su tashi tare su nufi Gaya ko Malanville, ɗaya ya bar ɗaya a baya. To, wa ya yi ƙarya, kamfani ko ruwa?

Tambayar ta girmi injin jirgi. Fiye da shekara 200 ke nan mai sayar da inji da mai saye suna wannan gardama, ita ce kuma ta haifi hanyoyi biyu na awon ƙarfin inji: a ɗaure shi a ɗaki a auna, ko a sake shi a fili a riƙe agogo.

Yadda doki ya shiga lissafi

A farkon shekarun 1780, James Watt, mutumin Sikotland, yana neman masu sayen injinsa mai aiki da tururi. Masu masana'antu a Ingila da dawaki suke juya injinan niƙa, saboda haka tambayarsu ɗaya ce: dawaki nawa injin nan zai maye mini? Sai Watt ya lissafa aikin da dokin niƙa ke yi, a 1783 shi da abokin kasuwancinsa Matthew Boulton suka tsayar da adadi. A awon yau, doki ɗaya na Watt ya kai wat 746. Kwatanta shi da ɗaga buhu mai kilo 76 sama mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya, ana yi ba hutawa.

Ka lura, wannan aikin doki ne na yini guda. A sukuwa ta ɗan lokaci, an lissafa cewa doki lafiyayye yana iya fitar da kusan doki 15. Ke nan tun daga tushe, lambar ta dogara da yadda aka auna.

Burki, sanda da sikeli

A 1821 wani injiniya Bafaranshe, Gaspard de Prony, ya fito da dabara mai sauƙi. Ya matse sandar inji mai juyawa tsakanin katako biyu kamar burki, ya haɗa wa katakon dogon hannu, ya rataya nauyi a ƙarshensa. Inji yana son juya katakon, nauyi yana hana shi. Nauyin da ya tsayar da hannun daidai, a ninka shi da tsawon hannun, shi ne ƙarfin murɗa. A sake ninkawa da saurin juyin injin, an sami ƙarfin doki.

Ga misali. Injin da ke juyi 5,000 a minti, yana murɗa kamar ka rataya kilo 6 a ƙarshen sanda mai mita ɗaya, yana ba da wajen doki 40. Wannan na'ura ita ce kakar abin da ake kira dainamomita, ko daino a taƙaice.

Matsalarta zafi. Katako yana ƙonewa idan inji ya girma. A 1877 William Froude, injiniyan Ingila da ya shahara wajen nazarin jiragen ruwa, ya sa ruwa a madadin katako: inji yana juya wata farfela cikin rufaffen akwati cike da ruwa, ruwan yana yi masa burki yana kuma kwashe zafin. Don manyan injinan jiragen sojan ruwan Ingila ya ƙera ta, har yau kuma ana amfani da irinta.

Amma ko a ɗakin awo akwai wayo. Kafin 1972, kamfanonin motoci na Amurka suna auna inji tsirara: ba matatar iska, ba cikakken salansa, ba sauran kayan da inji ke ja a cikin mota. Da aka koma auna shi da kayansa, lambobi suka zube. Wani injin Chevrolet Corvette na 1971 an rubuta masa doki 330 a tsohon awo, 275 a sabo. Inji ɗaya ne, ko noti ba a taɓa ba. Injinan jirgi ma haka: da can a kan injin ake aunawa, a shekarun 1980 aka koma aunawa a sandar farfela, bayan giya ta ci rabonta. Tsohon doki 40 da sabon doki 40 ba lallai su zama ɗaya ba.

Masu cewa gani ya kori ji

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, samarin Kalifoniya masu gyaran tsofaffin motoci ba su da kuɗin daino. Abin da suke da shi titi ne. A 1950 aka fara shirya tseren miƙaƙƙen layi a wani filin jirgin sama a Santa Ana, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA don a raba tseren da titunan jama'a. Ƙa'idar ba wuya: mota ta tashi daga tsaye, ta ci rubu'in mil, wato mita 402. A rubuta lokacin da ta ɗauka da gudun da take yi a ƙarshen layi.

Da sakamako ya taru, wani marubuci mai ilimin injiniya, Roger Huntington, ya nuna cewa idan ka san nauyin mota da gudunta a ƙarshen layi, kana iya ƙiyasta dokinta. Wasu sun gyara lissafin daga baya. Da shi, mota mai kilo 1,500 da doki 300 za ta gama cikin daƙiƙa 13 ko kusa, tana gudun wajen kilomita 170 a awa. Idan mai ita ya ce dokinsa 400 ne amma agogo ya nuna 170, abokansa sun gano shi.

Sai dai fili ba inji kaɗai yake aunawa ba. Yana haɗawa da direba, da taya, da giya, da iska, da zafin ranar. Taya ta yi sulɓi a tashi, lokaci ya lalace alhali inji lafiyarsa lau. Shi ya sa masana suka fi yarda da gudun ƙarshen layi fiye da lokaci. Wani lokaci kuma fili ne kaɗai mafita: motocin tseren da ake kira Top Fuel suna fitar da doki sama da 10,000, injinsu ba ya jure cikakkiyar wuta sai na 'yan daƙiƙu, don haka a kan layi ake gane ƙarfinsu.

Mu dawo bakin Kwara

Jirgi ma yana da nasa filin. Tun ƙarni na 19 ake gwada sabon jirgi a kan mil ɗaya da aka auna, a je a dawo, don a cire tasirin igiyar ruwa. Kai ma kana iya yi da wayarka. Ka ɗauki gudun jirgi yana gangara, ka ɗauka yana haurawa, da lodi iri ɗaya. In ya yi kilomita 20 a awa a gangara, 14 a haurawa, gudunsa na gaskiya 17 ne, ruwa kuma 3. Dole a yi duka biyun rana ɗaya, domin ƙarfin kogin yana canzawa: akwai cikar damina, akwai kuma ruwan da ke tasowa daga tsaunukan Gini, wanda ba ya isowa wannan yanki sai cikin hunturu.

Me ke cinye dokin da aka rubuta? Na farko zafi. Ma'aunin da kamfanonin motoci ke bi yana ɗaukar iska a digiri 25. A digiri 42 na watan Afrilu a Kebbi, iska ta rage kauri da kusan kashi 5 cikin 100, inji kuwa da iska yake ƙona mai. Na biyu farfela. Inji ba ya ba da cikakken dokinsa sai ya kai juyin da aka tsara masa, wanda a irin waɗannan injina yakan kama daga 4,500 zuwa 5,500 a minti. Farfelar da ta yi masa nauyi, ko lodin da ya wuce kima, sai su riƙe shi ƙasa da haka, kamar ka hau gangare da babbar giya. Sai tsufa, da gurɓataccen mai, da dattin da ya manne a cikin jirgi.

Akwai kuma lissafin da filin tsere da kogi suka yi tarayya a kai: gudu ba ya bin doki kai da kai. Kafin ka ninka gudu sau biyu, kana bukatar ƙarfi wajen sau takwas. Wanda ya sayar da doki 40 ya ci bashi ya sayi mai ninkinsa, abin da zai ƙaru a gudu wajen rubu'i ne kawai, mai kuwa zai sha sosai. Amfanin babban inji shi ne rarar ƙarfi, ranar da jirgi cike da buhunan shinkafa da fasinja ya haɗu da ruwa mai ja. Ranar nan ba maganar riba ake yi ba, maganar rayuka ce.

Saboda haka idan za ka sayi inji ɗan Kwatano, lambar murfi tana gaya maka abin da ya yi yana sabo, a ɗaki mai sanyi, a hannun masu shi. Kada ka raina ta, da ita ake kwatanta inji da inji. Amma kafin ka ƙirga kuɗi, ka ce a ɗaura shi a jirginka, a zuba lodin da ka saba ɗauka, ku haura ku gangaro kana riƙe da agogo.