Imamu Gazali Da Masu Shakkar Wahayi

Shakkar wahayi ba baƙuwa ba ce a tarihin Musulunci. An ruwaito cewa likitan nan Abubakar Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya tafi a kan cewa hankali ya wadatar da ɗan Adam, babu buƙatar Annabawa. Abu Hatim Razi ya yi masa raddi cikin A'alamun Nubuwwa.

Amma a ganinmu, amsar da ta fi ratsa zuciya ta fito ne daga wanda ya ɗanɗana ciwon da kansa. Hujjatul Islam Imamu Gazali, Allah Ya yi masa rahama, ya bayyana cikin Almunƙizu minad Dalal cewa ya shafe kusan wata biyu yana shakkar ganinsa da jinsa, har da hankalinsa. Daga baya, a 1095, ya bar karantarwa a Nizamiyya ta Bagadaza, ya shiga halwa a Sham.

Abin da ya dawo da shi kuwa shi ne, annabci mataki ne a gaba da hankali, kuma mafarki ɗan samfurinsa ne: wanda bai taɓa barci ba, da za a ba shi labarin mafarki, ƙaryatawa zai yi. Sauran kuwa, in ji shi, sai ta hanyar zauƙi, wanda Sufaye suke samu bayan suluki.