Burkutu

burkutu (suna, namiji; wasu kan ce *burukutu*). Giyar gargajiya mai kauri, jaja-jaja, da ake yi da dawa. Ana jiƙa dawar ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dama a dafa, a bari ruwan ya yi tsami, a sake dafawa. Idan ya huce sai a zuba masa ragowar tsohon burkutu a randa domin ya tashi.

Mai dafawa ba ta da ma'auni, ido da kunne da harshe ne aikinta. Da farko kumfa kan taru a bakin randa, sannan ya rufe fuskar ruwan, ana jin ƙaramar ƙara in an kara kunne. Zaƙin tsiro yana ja baya, wari mai kaifi yana fitowa. Randar da ta kwana shiru, ruwanta na nan da zaƙi, ba ta kama ba. Sau da yawa sanyin hunturu ne ke jawo haka, ko kuma an zuba ragowar tun ruwan na da zafi. Da bazara kuwa tashin na da sauri, lalacewar ma haka, kwana biyu ya isa tsami ya rinjaye shi.

An fi sanin burkutu wajen Maguzawa da kudancin Kaduna da Filato. Musulunci ya haramta shi, jihar Sakkwato kuma ta kafa shari'a a 2000, don haka a garuruwanta irin su Shinaka da Goronyo da Wurno waɗannan alamomi na tashi sun fi zama sanannu a ƙullun masa: *ƙullu ya tashi, a ɗora tanda.*