Gargaɗin annabawan Bani Isra'ila da haƙƙin lebura

Duk wanda ya taɓa yin sammako a Dakata ya san ayarin leburori da ke nufar kamfanonin Bompai, wasu a ƙasa, wasu a keke, wasu kuma sai sun hau mota har Sharaɗa ko Challawa. Tun bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 masana'antu da dama suka rufe, aiki ya yi wuya, shi ya sa ko an riƙe wa mutum albashinsa sai ya yi shiru don gudun kora. To, mai karatu, kukan irin waɗannan mutane ya daɗe a duniya, kuma a kansa ne annabawan Bani Isra'ila suka yi gargaɗi mai zafi.

Ɗauki Amos, wani makiyayi daga ƙauyen Tekowa, kusa da Baitalami. Wajen shekara 760 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), zamanin Sarki Yerobowam na Biyu, ƙasar Isra'ila tana cikin wadata. Littafinsa ya nuna laifin attajiran Samariya shi ne tauye mudu, cin hanci a wurin shari'a da danne talaka, ga su kuma ba sa fashin ibada. Ya ce musu hadayarsu ba za ta karɓu ba muddin babu adalci. Suka yi kunnen uwar shegu. A shekara ta 722 Assuriyawa suka ci Samariya, suka kwashe mutanenta.

Sai Irmiya, wanda Ɗabari ma ya kawo labarinsa a littafinsa na tarihi. Shi Sarki Yehoyakim ya tunkara gaba da gaba, saboda yana gina fada da gumin leburori ba ya biyan su. An doke shi, daga baya aka jefa shi rijiya. Wajen shekara ta 586 Bukhtanasar na Babila ya rushe Ƙudus.

Amma fa ba kullum ƙarshen ke zama halaka ba. Mutanen Nineba, daura da Mosul ta ƙasar Iraƙi a yau, sun ji gargaɗin Annabi Yunus (AS), sarki da talaka suka tuba, aka ɗauke musu azaba. Alƙur'ani ma ya tabbatar da haka a Suratu Yunus, aya ta 98. Waɗannan littattafai sun samu da Hausa tun 1932, lokacin da aka buga fassarar da Dakta Walter Miller na Zariya ya jagoranta.

Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan wa'azi. A Kitabul Farƙi, Shehu Usman Ɗanfodiyo ya lissafa zaluncin sarakunan Haɓe, har da jangali da cin gaisuwa kafin a yi wa mutum shari'a.

Abin lura a nan, duk sun fara ne daga fada da kasuwa. Mu kuwa a finafinanmu da littattafanmu, yawanci yarinya mai rawar kai ko muguwar kishiya ce ke kuka tana tuba a ƙarshe. Yaushe za mu ga fim ɗin da alhajin da ya cinye albashin ma'aikatansa zai gamu da sakayya, ko ya tuba ya mayar da haƙƙi? Marubuta da furodusoshi, ga labari nan a ƙofar gidanku. Allah ya sa mu dace, amin.