Yadda Aka Gano Asirin Cutar Mashaƙo

A zamanin da, ba ciwon da iyaye a ƙasashen Turai ke tsoro kamar mashaƙo. Yaro zai kwana da ciwon maƙogwaro, kafin mako ya kewayo wata fata ta toshe masa hanyar numfashi.

Cikin 1884 wani likitan Jamus, Loeffler, ya raini ƙwayar cutar a ɗakin bincike. Ya lura ba ta barin maƙogwaro, amma ɓarnarta na kaiwa har zuciya. A 1888 Roux da Yersin, a birnin Faris, suka tabbatar dafi take zubawa, jini ya kwasa.

To, sai wani abin mamaki ya ɓullo. Masu rainon ƙwayar suka ga wata rana ta ba da dafi mai yawa, wata rana ta hana. Cikin 1936 Pappenheimer da Johnson na Amurka suka gano dalili: sinadarin ƙarfe ne, wanda ke cikin abincinta. In ta ƙoshi da shi sai ta lafa, in ya yi ƙaranci sai ta yi ta aman dafi.

Sai a 1990 aka san yadda take auna wannan. Umarnin yin dafi yana rubuce cikin ƙwayoyin gadonta, akwai kuwa wani mai gadi da masana ke kira DtxR. Muddin yana riƙe da ƙarfe, yana zaune bisa rubutun, ba a karantawa. Ran da ƙarfe ya ƙare sai ya tashi, ƙofa ta buɗe. Jikin ɗan Adam kuwa ɓoye ƙarfensa yake yi, don kada ƙwayoyin cuta su samu. Saboda haka da ta sauka maƙogwaro sai ta ji yunwa, yunwar nan ita ce ke kwance mata dafi.

Sanin nan bai tafi banza ba. Tun 1923 Ramon na Faransa ya gano yadda ake kashe kaifin dafin a mai da shi rigakafi, masu yin allurar kuma sukan rage wa ƙwayar ƙarfe don su sami dafi isasshe.

Mashaƙo bai ƙaura daga duniya ba. A 2023 ya yi ɓarna a Kano, yawanci cikin yaran da ba a yi wa allura ba. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kiyashe mu, amin.