Osibisa: Giwayen Gana da Suka Tashi Sama a Landan

Wanda ya bi ta Tip Toe Lane yau, daga Circle zai shiga Kokomlemle, wayoyin hannu da caja kawai zai gani, da samari masu jan hannun mai wucewa. Kaɗan ne cikin masu shagunan suka san cewa layin ya samo sunansa ne daga gidan rawa na Tip Toe, inda manyan ƙungiyoyin kiɗan hailaif suke kwana suna busa a zamanin Nkrumah da bayansa. Irin waɗannan gidaje, na Ankara da na Kumasi, su suka yaye mutanen da suka kafa Osibisa, ƙungiyar kiɗan da ta kai sunan Gana nesa fiye da kowace kafin ta, ta kuma haura shekara hamsin sunanta bai mutu ba.

Uban tafiyar shi ne Teddy Osei, haifaffen Kumasi a 1937. Zanen gini ya koya a Sekondi, amma busa saksofon ta ɗauke masa hankali. Shi da ƙanensa Mac Tontoh, mai busa begila, suka yi ƙungiyar Comets a Kumasi, wadda ta yi tashe da waƙar "Pete Pete" a ƙarshen shekarun 1950. A 1962 Teddy ya tafi Landan. Wankin kwanoni ya fara yi don ya ci abinci, kafin gwamnatin Nkrumah ta ɗauki nauyin karatunsa na kiɗa. Da soja suka kifar da Nkrumah ranar 24 ga Fabrairu 1966, kuɗin karatun ya yanke. Sai ya koma yawon gidajen rawa na Turai da wata ƙungiya mai suna Cat's Paw, suna kwaikwayon waƙoƙin baƙaƙen Amurka. Ana samun na tuwo, amma kayan wani ne ake talla.

A 1969 aka sake lale. Teddy da Mac da Sol Amarfio, makaɗin ganguna ɗan Ankara, suka yanke shawarar su daina sayar wa Bature abin da yake da shi, su kawo masa na gida. Suka jawo 'yan tsibiran Karebiyan uku: Wendell Richardson na Antigwa mai jita, Robert Bailey na Tirinidad mai piyano, da Spartacus R na Giranada mai jita mai kaurin murya. Na bakwai ɗan Najeriya ne, Lasisi Amao, mai ganga da busa. Sunan kuwa daga "osibisaba" ya fito, wani tsohon salon kiɗan Fante na bakin teku wanda yana cikin tushen hailaif.

Ku dubi shekarar da kyau. A watan Nuwamba na 1969 ɗin nan ne gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Dattawan Nima da Maamobi da Sabon Zango ba su manta ba: dubun-dubatar mutane, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa, suka sayar da kaya a wulaƙance suka hau manyan motoci, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. A daidai lokacin da ake raba ɗan Gana da ɗan Najeriya a Aflao, a Landan ɗan Kumasi da ɗan Yarbawa suna ɗaki ɗaya suna gwajin kiɗa, kowa baƙo ne, ba mai tambayar takardar wani.

Kasuwa ta buɗe musu da wuri. A 1971 kamfanin MCA ya fitar da faifansu biyu, "Osibisa" da "Woyaya", kowanne ya kai na 11 a jerin faifan da aka fi saye a Birtaniya. Tony Visconti, wanda ya yi aiki da David Bowie, shi ya tsara ɗaukar sautin. Bangon faifan kuwa Roger Dean ne ya zana: giwaye masu fukafukai suna shawagi a sama. Mai sayar da atamfa ya san aikin da zane yake yi kafin a taɓa yadi, kuma giwayen nan sun zama tambarin ƙungiyar har ƙarshe.

Abin da Turawa suka ji sabo ne a kunnensu. Jitar rok ce mai ƙara irin wadda suka saba, amma a ƙarƙashinta ganguna uku ko huɗu suna magana, kowace da tafiyarta, ga ƙararrawar ƙarfe tana riƙe musu lokaci, ga mai bayarwa da 'yan amshi. Wanda ya taɓa tsayawa wajen kalangu a bikin Zango ba zai ga abin mamaki a nan ba. A ganina ƙarfinsu shi ne ba su rage gishirin don harshen baƙo ba, aƙalla a faifan farko. A wannan shekara ta 1971, ranar 6 ga Maris, Santana da Wilson Pickett da Ike da Tina Turner suka yi wasan Soul to Soul a Black Star Square. Wato Amurka tana kawo kiɗanta Ankara, 'yan Gana kuma suna kai nasu can.

Daga nan sai yawo: Amurka, Japan, Ostireliya. A 1976 "Sunshine Day" ta kai ta 17 a Birtaniya. Ita ce waƙarsu da aka fi sani a waje, ko da yake ni ina ganin ruwa ya fara yi wa miyar yawa a lokacin, don ana bin kasuwar disko. Sun yi wasa a FESTAC a Legas a 1977, da bikin 'yancin Zimbabwe a 1980. A farkon shekarun 1980 suka zaga Indiya, suka cika filaye, har suka rera waƙar Indiyawa da gangar Gana. Iyayenmu da suka ƙare kuɗinsu a kallon fim ɗin Indiya a silimar Dunia ta Nima za su ce an rama musu.

Sai dai cikar fili daban, cikar aljihu daban. Sun sauya kamfani daga MCA zuwa Warner zuwa Bronze, mutane suna shiga suna fita, tun 1972 aka fara watsewar bakwai ɗin farko. Labarin da ya fi ciwo shi ne na Kiki Gyan, yaron Takoradi da ya shigo yana ɗan saurayi ya zama gwanin piyano da ake ji da shi a Landan. Ya bar ƙungiyar a ƙarshen shekarun 1970 bayan saɓani kan rabon kuɗi, ƙwaya ta kama shi, ya mutu a Gana a 2004 ba shi da komai.

A gida ma ƙasar da ta haife su ta bushe. Dokar hana fitar dare da aka sa a zamanin Rawlings, daga 1982 zuwa 1984, ta kashe gidajen rawa. Harajin shigo da kayan kiɗa ya yi nauyi, makaɗa suka watse zuwa Legas da Hambog, waɗanda suka rage suka shige coci inda kayan kiɗa suke. Na Legas ma Shagari ya koro su a 1983 tare da sauran 'yan Gana. Da Joy FM ta buɗe a nan Kokomlemle a 1995, yaran da suka kunna rediyo hiplaif suke jira, kiɗan mutum ɗaya da inji, ba na mutum bakwai masu neman albashi ba.

Mac Tontoh ya dawo gida a farkon shekarun 1990, ya kafa Kete Warriors yana koyar da matasa, ya rasu a Ankara a Agustan 2010. Teddy ya ci gaba da riƙe sunan a Landan da sababbin makaɗa, ko bayan da ciwon shanyewar jiki ya hana shi yawo, har suka fitar da faifan "New Dawn" a 2021. Sol Amarfio ya rasu a Disamban 2022. Teddy Osei, na ƙarshe cikin 'yan Gana ukun, ya bi su ranar 14 ga Janairu 2025, a Landan, shekara sittin da uku bayan shigarsa garin.