Daga Ƙayyade Iyali zuwa Tazarar Haihuwa a Ƙasar Gobir

Tun kafin a gina ɗakin shan magani a Sabon Birni ko Isa, maganar ciki da haihuwa tana da masu ita. Ungozoma ke yanke cibi, tsofaffin gida ke tsayawa kan wankan jego da kunun kanwa, a sama kuma akwai Inna, 'yar gidan sarautar Gobir da ke shugabantar mata da 'yan bori. Faɗuwar Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808 ba ta kashe wannan sarauta ba, ta bi Gobirawa har Tsibiri. Ko Nana Asma'u da ta kafa 'Yan Taru, malfa irin ta Inna ta ɗora wa kowace jaji, wato jagorar matan ƙungiyar, don matan ƙauye su san mai iko ce ke magana.

Bakin waɗannan mata na kunya ne. Ba a cewa ciki gatsau, sai a ce tana da juna biyu, in ta haihu a ce ta sauka. Wadda ta yi ciki da goyo a baya kuwa ta yi kwanika, abin gori ne a gare ta da mijinta. Shayarwa ta shekara biyu ga ta a cikin Alƙur'ani. Ke nan hutu tsakanin haihuwa da haihuwa ba baƙo ba ne a Gobir.

Baƙon ya zo ne a 1988, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta fitar da manufar yawan jama'a mai neman kowace mace ta tsaya a 'ya'ya huɗu. Masu fassara suka ce "ƙayyade iyali". Da wuya a sami zaɓin da ya fi wannan muni. Wane ne bawa da zai ƙayyade abin da Allah ke bayarwa? Limamai suka hau mumbari, magidanta suka hana matansu zuwa awo. Taron Alƙahira kan yawan jama'a na 1994, wanda ya shigar da "haƙƙin haihuwa" cikin takardun Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ƙara wa zargin ƙarfi, tun da Saudiyya da Sudan sun ƙaurace masa. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da Zamfara a 2003, bisa jita-jitar cewa yana hana haihuwa, tsohon mikin ne aka fama.

Sannu a hankali ma'aikatan lafiya suka koma "tsarin iyali", daga nan suka sauka kan "tazarar haihuwa". Wannan ta zauna, domin ta tarar da kwanika da yaye suna jiran ta a cikin gida. Malami na iya faɗinta a wa'azi ba tare da ya ji ya sayar da addininsa ba. A ƙetaren iyaka ma haka Nijar ta yi, har ta ƙirƙiro makarantun mazaje a yankin Damagaram, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu. Duk da haka majalisar Nijar ta yi watsi da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata a 2006, wadda Nijeriya ta amince da ita tun 2004. Sauya suna dai ya buɗe bakin mutane, bai cika asibiti ba: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matan aure kimanin 2 cikin 100 ne ke amfani da hanyoyin zamani a Jihar Sakkwato.

Yanzu rigimar ta koma kan "jinsi". Majalisar Dattawan Nijeriya ta yi fatali da ƙudurin daidaiton jinsi a 2016, kuma a 2024 aka yi ta kai ruwa rana kan yarjejeniyar Samoa da Nijeriya ta sa wa hannu, wasu na cewa an ɓoye auren jinsi a ciki, gwamnati na musantawa. A Amurka da Ingila ana jayayya ko a daina cewa "mata masu ciki" a ce "mutane masu ciki", don a haɗa da waɗanda aka haifa mata amma ba su ɗauki kansu mata ba. A 2021 sai da Majalisar Dattawan Birtaniya ta sa aka mayar da "uwa" cikin wata dokar hutun haihuwa. Abin dariya, Hausa ta daɗe tana cewa "masu juna biyu" ba tare da ambaton mace ba, kuma ba wanda ya taɓa jin siyasa a ciki. Sai an zo kan mutum ɗaya ne harshen ke tilasta zaɓi tsakanin shi da ita, kai da ke. 'Yan daudu sun daɗe suna wasa da wannan iyaka a tsakaninsu, amma hirarsu ba ta taɓa shiga ɗakin awo ba.

Wannan muhawara ba ta iso gabashin Sakkwato sosai ba, wata masifar ce ta riga ta. Tun 2019 dubban mutanen Sabon Birni da Isa ke tserewa daga 'yan bindiga zuwa yankin Gidan Rumji a jihar Maraɗi. Asibitocin ƙauyuka da dama sun rufe, ma'aikata sun gudu, har Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun masu garkuwa a Agustan 2024. A inda aikin bai tsaya ba, malamar asibiti na tambayar mace allura take so ko ƙwaya ko ashanar fata, sannan ta tambaye ta ko maigida ya sani.